Baba, Ka Mayar Masa da Wasiƙarsa

Wasiƙa ɗaya kawai zan amsa a wannan makon. Daga wani dattijo ta fito a cikin birnin Zariya, shafi shida da rubutun hannunsa. Na taƙaita ta, na kuma cire sunaye da unguwa kamar yadda ya roƙa. Ga abin da ya ce:

"Ɗana, shekaruna sun haura 80. A 1967 ni da aminina muka so yarinya ɗaya a unguwarmu. Shi ta zaɓa. Magabatansa suka kai gaisuwa, aka yi baiko, ni ne ma mai raka shi zance. Da yaƙin basasa ya tashi sai ya shiga soja a Depo, barikin horar da kurata na nan Zariya, aka tafi da su. Da yake ni malamin makaranta ne, ina da inda ake aiko mini da wasiƙa, muka yi da shi duk saƙonsa ta hannuna zai riƙa zuwa, in karanta wa iyayensa da ita. Bayan kwanton ɓaunar da aka yi wa ayarin sojoji a Abagana a 1968, wani soja da ya dawo da rauni ya ce aminina yana cikin ayarin, kuma ba ya jin ya fita. Aka zauna aka karɓi gaisuwa. Bayan wata uku sai ga wasiƙarsa, yana da rai, ya ƙone a hannu da kafaɗa, ya ce in gaya mata ta ƙara haƙuri. Na karanta, na ninke, na sa a akwati. Kafin shekarar ta fita na aure ta. Sai bayan biki iyayensa suka ji yana raye ta bakin wani. Kowa ya ɗauka gidan waya ne ya ɓatar da saƙo. Da ya dawo a 1970 ya zo har gida ya yi mini Allah ya sa alheri, bai taɓa tambayata wasiƙa ba. Ya koma Sabon Gari ya yi aurensa, sai dai mu haɗu a jana'iza. Ita kuwa a lokacin ta yi kwanaki ba ta cin abinci, kuma sau ɗaya na taɓa jin ta ce ta ci amanar bawan Allah. Mun haifi 'ya'ya, muna da jikoki, ba ta taɓa saɓa mini ba. Yanzu na ji yana kwance ba lafiya. Wasiƙar tana nan. Wani lokaci in ce ai yaƙi ne ya jawo, kuma matar mutum kabarinsa, amma barci ya gagare ni. Shin aurena yana nan? In gaya masa? In gaya mata? Ko in ƙone takardar in roƙi Allah gafara tsakanina da Shi?"

Baba, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Sau uku na karanta wasiƙarka kafin in iya fara amsa. A haife ka haife ni, kuma ba a saba ɗa ya zaunar da uba ya yi masa nasiha ba. Tunda kai ka buɗe ƙofa, zan shigo in faɗi abin da nake gani, ka yafe mini duk inda harshena ya yi kaifi.

Bari in fara cire maka ƙayar da ta fi sauƙin fita. Aurenka yana nan daram. Gaskiya ne Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum ya nemi aure a kan neman ɗan'uwansa. Malamanmu na Malikiyya suka ce hanin yana hawa ne idan an riga an karkata an daidaita, haka yake a Risala da ake karantawa a zaurukan birni, baiko kuwa ya wuce karkata. Amma su ɗin dai suka ce irin wannan aure ana raba shi ne kafin tarewa. In an riga an tare, aure ya tabbata, laifin yana wuyan wanda ya aikata. Ita ba matarsa ba ce a lokacin, alkawari ne a tsakaninsu. Waliyyinta ya ba ka, an yi shaidu, ka biya sadaki. 'Ya'yanka 'yan halak ne, jikokinka ma haka. Kada Shaiɗan ya shigo maka ta wannan kafar ya hana ka kallon inda ciwon yake.

Na yarda da kai cewa yaƙi yana da hannu. Sojan ƙasar nan da bai wuce kimanin mutum 10,000 ba kafin 6 ga Yuli 1967, ya kai wajen 250,000 kafin a gama. Ba daga sama aka samo su ba, irin amininka ne, samari daga kasuwa da gona da bakin tasha. Depo ɗin nan na Zariya, wanda yake horar da kurata tun 1924, ya riƙa yaye su cikin 'yan makonni ana loda su a jirgin ƙasa. Abin da ya faru a Abagana ranar 31 ga Maris 1968 kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Ayarin Runduna ta 2, wadda Murtala Muhammed yake jagoranta, aka yi wa kwanton ɓauna a hanyar Anaca, wuta ta kama tankar mai ta bi motoci, mutane da yawa suka ƙone. Wanda ya dawo ya ce ba ya jin amininka ya fita ba ƙarya ya shirya ba, abin da idonsa ya gani ya faɗa. A zamanin da ba waya a hannun kowa, sai abin da aka ji a Rediyon Kaduna ko aka karanta a Gaskiya Ta Fi Kwabo, gidaje da yawa sun yi makokin mai rai, wasu kuma sun yi ta jiran wanda ya daɗe a ƙasa. Can ɓangaren Biyafara yunwa ta cinye yaran da ba su san ma me ake faɗa a kai ba, kuma a nan Sabon Gari tun 1966 an ga maƙwabta da aka kashe da waɗanda suka gudu suka bar ɗakunansu a buɗe. Duk wannan yaƙi ne da abin da ya haife shi.

Yaƙi ya raba amininka da gida, yaƙi ya kawo labarin mutuwarsa. Iyakar rabonsa ke nan. Ranar da ka buɗe ambulan ɗin, Baba, a Zariya kake, ba ƙarar bindiga, ba wanda ya tsare ka. Kai kaɗai ne da takarda a hannu. Maganar matar mutum kabarinsa kuwa, gaskiya ce, Allah ya rubuta ita matarka ce. Sai dai ba a kafa hujja da ƙaddara a kan abin da hannu ya zaɓa. Da ka kai saƙon, in rabonka ce, da za ta zo maka ta hanyar da ba za ta hana ka barci kana ɗan shekara 80 ba. Kai ma ka san haka, shi ya sa karin maganar ba ta taɓa kwantar maka da hankali ba.

Ban raina abin da ka ji a lokacin ba. Saurayi ya tsaya a gefe yana gadin keke, amininsa yana zance da yarinyar da shi ma yake so, kullum ya raka shi ya dawo da shi yana masa dariyar da ba ta kai ciki ba, wannan wuta ce da wanda bai shige ta ba ba zai san zafinta ba. Sannan aka ce mutumin ya mutu, ka yi kuka na gaske, bayan kukan zuciya ta fara raya maka abin da ba ka taɓa zaton zai yiwu ba. Wata uku kana gina wannan fata, sai ga takarda ta zo za ta rushe shi. Na fahimci yadda ƙafa ta zame. Na kuma yarda son da ka yi mata na gaskiya ne, zaman fiye da shekara 50 ya shaida. Amma fahimtata ba za ta biya maka bashi ba, domin ba ni nake bin ka ba.

Shi ya sa ba zan ce ka ƙone takardar ka tsaya ga istigfari ba. Abin da yake tsakaninka da Allah, nadama da tuba sun isa, kuma ƙofarsa a buɗe take, Ya ce kada mu yanke ƙauna daga rahamarsa. Wannan kuwa hakkin bayi ne. A Suratun Nisa'i an umarce mu da mu mayar da amanoni ga masu su, saƙo kuwa amana ne. Hadisi ya zo cewa duk wanda ya zalunci ɗan'uwansa ya nemi ya warware masa tun yau, kafin ranar da babu dinari babu dirhami. Kai Allah ya yi maka wata ni'ima da ba kowa yake samu ba: biyu daga cikin masu hakkin suna numfashi, ɗaya a ɗakinka, ɗaya a hayin Kubanni.

Na ce biyu daga ciki, saboda akwai waɗanda ka wuce su a layi ɗaya. Iyayensa. Tsakanin ranar da wasiƙar ta iso da ranar da suka ji labari ta bakin wani, watanni ne uwa ta yi tana kwana tana tashi da mutuwar ɗanta, alhali maganin kukanta yana ninke a akwatinka, a unguwa ɗaya. Ina jin ka shiga ka gaishe ta a cikin waɗannan watanni. A wurina wannan ya fi maganar auren nauyi, kuma ina zaton shi ne wurin da ka fi tsoron kallo. Su sun riga mu gidan gaskiya. Abin da ya rage shi ne ka sa su a addu'arka da sunayensu, ka yi musu sadaka mai gudana gwargwadon ƙarfinka, ka kuma ambaci wannan a gaban ɗansu da bakinka, kada ka bari ya ɓace a cikin maganar mace.

To, amininka. Ka tafi wurinsa, kuma a cikin makon nan. Mutum ne da ya haura 80 yana kwance, kai ma ba yaro ba ne. Daga Ƙofar Doka a bi ta Tudun Wada a haye gada zuwa Sabon Gari ba tafiyar da za a sa wa rana ba ce. Kada ka aika ɗan saƙo, kada ka kira waya, kada ka ɗauki liman ko wani dattijo ya yi maka rakiya don a taushe shi. In aka tara masa mutane zai ce ya yafe saboda kunya, kai kuma ka dawo da nauyinka yadda ka tafi da shi. Ka gaishe da iyalinsa, ka roƙa a ba ku wuri, ka zauna ƙasa da shi.

Kana ganin shirunsa alama ce ta bai sani ba. Ni ban ɗauka haka ba. A unguwar da na tashi akwai wani ɗan mazan jiya da yake gadi, shekara da shekaru muna wucewa ta gabansa, bai taɓa ba mu labarin bakin daga ba ko sau ɗaya, sai ranar da ya rasu aka yi masa wanka aka ga abin da ke bayansa. Mutanen nan sun iya haɗiye abu. Mutumin da ya rubuta wasiƙa da ƙonannen hannu, ko ya roƙi wani ya rubuta masa, ba zai manta ya aika ta ba. Ko dai ya yarda ta ɓata a hanya, ko ya gane ya bar ka da Allah, ko kuma, wanda ya fi ci mini rai, ya ɗauka ka isar da saƙon ita ce ta ji ta ƙi jira. In na ukun ne, shekara fiye da 50 ke nan matarka tana ɗauke da sunan maci amana a zuciyar wani bawan Allah, ba ta ji ba ba ta gani ba, kuma kai kaɗai ne a duniya za ka iya wanke ta. Ko don wannan kaɗai ya kamata ka sa takalminka.

In ka zauna, kada ka fara da labarin yaƙi, ya fi ka saninsa. Kada ka ce ƙuruciya ce, kada ka ce sharrin Shaiɗan ne, kada ka ce kai ma ka sha wahala. Ka fito da takardar ka miƙa masa, ka ce ta iso hannunka a wata kaza, ka karanta, ka ɓoye saboda kana son yarinyar, ita ba ta sani ba, iyayensa ba su sani ba, ka zo neman yafiya. Daga nan ka yi shiru. Zai iya yin kuka, zai iya cewa ya daɗe da sani, zai iya juya maka baya ya ce ka fita. Duka hakkinsa ne. In ya kore ka, ka tashi ba tare da musu ba, bayan kwana biyu ka koma dubiya. Ranar 15 ga Janairu 1970 da aka rufe yaƙi, Janar Gowon, wanda ya tashi a nan Wusasa, ya ce ba wanda ya yi nasara ba wanda aka ci, aka yi afuwa ga waɗanda suka ɗauki makami. Gwamnati tana iya yafe nata a rana ɗaya. Na amininka shi kaɗai yake da ikon sa masa lokaci.

Kada ka je da kuɗi a ranar farko, kayan dubiya na al'ada sun isa. Da yawa daga cikin mazan jiya tsufa ya same su a cikin rashi, kuma in yana buƙatar magani ya kamata ka taimaka, amma daga baya, ta hannun babban ɗansa, don kada abin ya yi kama da ciniki. In kuma ka tarar ciwo ya taɓa hankalinsa har ba ya gane mutane, ka faɗa masa duk da haka a kunnensa, sannan ka ɗauki hidimarsa a wuyanka iya kwanakin da suka rage.

Maganar Hajiya ita ce ta fi ba ni wuya, kuma na san za a samu masu karatu da za su saɓa mini. Akwai malaman da suke cewa idan faɗa wa mai hakki zai haifar da ɓarnar da ta fi laifin, a bar shi, a yawaita masa addu'a da alheri. Magana ce mai tushe, kuma da a ce wasiƙarka ta nuna ta manta da abin, da wataƙila ita zan ba ka. Amma kai da kanka ka rubuta cewa ka ji ta ce ta ci amanar bawan Allah. Sau ɗaya ka ji, ba ka san sau nawa ta faɗa a sujada ba. Wannan baiwar Allah ta yi makokin wanda take so yana raye, ta yi aure da zuciya ɗaya, sannan ta wayi gari ta gan shi a ƙofar gida, ta ɗora wa kanta laifin gaggawa. Kayanka ne take ɗauke da su tun tana amarya har ta yi furfura, kana kallo. Shirun da kake cewa don kada ka ɓata mata rai ne, ka duba da kyau, wa yake karewa?

Don haka ka gaya mata, bayan ka dawo daga Sabon Gari. Ka fi kowa sanin lafiyarta. In tana fama da hawan jini ko ciwon zuciya mai tsanani, ka jira ranar da jikinta ya yi ƙarfi, amma kada jiran ya zama sabon akwati. Ku biyu kaɗai, ba 'ya'ya, ba surukai. Abin da za ka fara sa mata a kunne shi ne ba ta ci amanar kowa ba, saƙo ya zo kai ka tare shi, kuma ka riga ka je ka wanke ta a wurin mai shi. Akwai tambayar da zuciyarka za ta so ka yi, wato da ta ji saƙon, da wa za ta zaɓa. Kada ka yi ta. Damar zaɓin ka riga ka ɗauke mata a 1968, ba adalci ba ne ka dawo yanzu kana neman ta ba ka amsar da za ta sanyaya maka rai. In ta yi fushi, in ta daina yi maka magana na wani lokaci, in ta ce za ta je gidan ɗanta ta kwana biyu, ka ƙyale ta, kada ka tura a ba ta haƙuri. Ita za ta yanke ko 'ya'ya su ji ko kada su ji. In kuma ta nemi a kai ta ta duba shi, ka kai ta da kanka.

Takardar kuwa, abin da ya fi kowane muni shi ne ta kwana a akwati har ranar da za a zo rabon gado, jikoki su buɗe su karanta, su kai wa kakarsu suna tambaya, kai kuma ba ka nan balle ka ce komai. Ka ba shi abarsa. In ya ce ka kai mata, tunda tun farko saƙonta ne, ka kawo ka karanta mata kamar yadda kuka yi alkawari da shi kafin ya hau jirgi.

Ka yi alwala, ka yi nafila raka'a biyu, ka sa takardar a aljihun gaba. Bayan La'asar masu dubiya sukan ragu. In ƙafa ba ta ɗaukarka, jikanka ya sauke ka a ƙofar gida ya jira a waje. Zan sa ku ku uku a addu'a, Baba, kuma in ka samu hali ka rubuto mini yadda kuka yi.